Miyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau biyu ina fere fensir ina mayar da shi cikin akwati. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa, kuma karatuna a aji huɗu ya tsaya. Maƙwabciyarmu Mary ce ta matsa min, ta ce abin da bakina ya kasa faɗa hannuna ya faɗa. To ga shi nan. In kun ga kuskure ku rufa min asiri.

Sunana Safiyatu. A Birnin Gwari nake, gidan Babana da mutane ke kira Wakili. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, ƙanwar Baba ce ta raine ni, Goggo Laraba. Wanda nake so kuma sunansa Yusha'u. Rubuta sunan kawai na iya, domin da baki ban taɓa faɗarsa a gaban kowa ba.

Mutumin Kuyello ne. Bara, shekarar da motoci suka koma hannun dama, ya sami aiki a sansanin masu gyaran titi, can bakin daji. Aikin kuku. Turawan Italiya yake dafa wa abinci. To a nan matsalar take.

"Ke kin huta," in ji Goggo duk lokacin da ta ga na yi tagumi. "Mijinki zai tuƙa, ya kwashe, ya kawo miki har gado. Ki tambaye shi ko yana da zanin aro."

Baba bai yi dariya ba. Shi bai ce a'a ba, bai ce i ba. Cewa ya yi namijin da ya saba da ludayi sai an bincika gidan da ya fito. Ya kira ni zaure, kaina a ƙasa, ya ce, "Daga yau ba zance, ba aike, ba takarda. Sai manyansa sun zo sun gan ki, ni ma na gan su. Kin ji?"

Na ce na ji.

Mako uku na riƙe. A na huɗu Mary ta dawo daga sansani, inda take wanki da guga, ta leƙo ta katanga ta ce in zo in kama mata ninkin zanin gado. Muna ninkewa takarda ta faɗo tsakanin ƙafafuna. Na san ya kamata in ce ta mayar. Na taka ta da ƙafa har Goggo ta wuce, sannan na ɗauka. Daga nan ban sake ƙirga su ba. A cikin gwangwanin hoda nake ɓoye su, ƙarƙashin atamfar sallata.

Takardar ranar Talata ta zo da ƙunshi: taliyar Turawa doguwa kamar tsinken tsintsiya, da wani ɗan abu mai tauri kamar sabulu, launin ƙwai, mai wari kamar nonon da ya kwana uku. Ga abin da ya rubuta.

"Safiyatu hasken idona. Inna za ta zo ranar Juma'a ita da ƙanwarta Iya Gambo. Ina so ki yi mata abin da babu yarinyar da ta iya a Kuyello. Matar maigidana ce ta koya min, su suna ce masa festo. Ki sami alayyafo ɗanye, ganye zalla, cikin hannu huɗu. Daddoya kaɗan. Tafarnuwa ƙwara uku. Soyayyar gyaɗa cikin hannu ɗaya, ki murje ɓawon. Ki kankare cukun nan a ciki, ita ta ba ni. Gishiri, lemun tsami rabi. Ki fara daka tafarnuwa da gishiri, sai gyaɗa, sai ganye kaɗan-kaɗan, kina ɗiga man gyaɗa har ya yi laushi. Kada ganyen ya ga wuta ko kaɗan. In kin gama ki zuba mai a sama ya rufe shi. Ki dafa taliya ki cakuɗa. In Inna ta ci ba za ta sake duban wata ba sai ke. Ina kwana ina tashi da ke. Naki har abada."

Sai sunansa a ƙasa, da zanen fure.

Na karanta sau biyar. Ɗanye? A garinmu ko rama ce sai an tafasa kafin a yi kwaɗo. Ganyen da ake dakawa ɗanye iri biyu na sani: lalle, da magani. Abin ya ɗan taɓa min zuciya, amma na ce ai shi ya sani, shi ke tare da Turawa.

Ranar Juma'a tun da sassafe gida ya kacame. Goggo ta sa an yanka zakara, ta ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta fito da langa masu fure da ba a taɓa su sai sallah, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakinta, ta turara shi har ido na yaji. Ni ta ce in sa atamfata mai ruwan ganye da ɗankwalinta, ta ranta min 'yan kunnenta na azurfa, ta ja min kwalli da kanta tana cewa in daina ƙifta ido kamar kazar da ta ga shaho.

"Motar Kuyello sai bayan an sauko masallaci," ta ce. "Hanyar dajin nan da damina, in ba su kafe sau uku ba sun yi sa'a. Ki zauna a ɗaki kada ki ɓata jikinki."

Ban zauna ba. Na riga na tsinko alayyafo a lambun bakin rafi da asuba, na ɓoye a ƙwarya. Na ɗauki ƙaramin turmin yaji na wanke shi tas, na zagaya bayan rumbu inda ba mai zuwa sai mai wucewa kewaye. Na tsuguna, na shimfiɗa takardar a kan gwiwata.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da karatuna. Ban iya karatu a zuci ba. Sai na bi da yatsa, bakina na motsi, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar yadda Malam Andrawus ya koya mana a aji biyu. Haka na yi a ranar. In duba takarda in yi ƙus-ƙus, in jefa tafarnuwa, ɗaya, biyu, uku. In sake duba takarda in yi ƙus-ƙus, in zuba gyaɗa. Kuma a hankali nake dakan kada Goggo ta ji, ina yi ina waige.

Gaskiya abin ya yi kyau. Da na fara ɗiga mai sai ganyen ya narke, ya zama kore shar kamar sabuwar ciyawa bayan ruwan fari. Ƙanshin tafarnuwa da daddoya ya tashi. Na fito da cukun daga ƙullin zanina, na kankare da wuƙa. Na ɗanɗana da ɗan yatsa, na ji wani daɗi da ban san irinsa ba, har na yi murmushi ni kaɗai. Na koma kan takardar na karanta layin nan a fili, don ya yi min daɗi: "In Inna ta ci ba za ta sake duban wata ba sai ke."

Sai na ga inuwa a kan turmin.

Wata mata ce tsaye da buta a hannu, doguwa, baƙin gyale, tsage biyu a kumatu. Ban taɓa ganinta ba, amma jikina ya faɗa min Iya Gambo ce. Motar ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi turmin, ta dubi takardar, ta dubi sauran cukun da ke hannuna.

Na durƙusa. "Sannu da zuwa, Iya."

"Yauwa," ta ce. "Sannu da aiki."

Ta wuce kewaye. Na cusa takardar cikin rigata. Na ce a raina ƙila ba ta ji ba. Ƙila ma ta ji ba ta gane ba. Da ina da wayo da na zubar da komai a bayan rumbu. Amma ya ce in yi, kuma ban san me zan ce masa ba. Na dafa taliyar a ƙaramar tukunya, na cakuɗa a langa, na ɗora sauran koren a sama don ado. Man da ya ce in rufe da shi, na manta.

"Wannan fa?" Goggo ta tambaya da ta ga langa ta uku a kan faifai.

"Taliya ce. Mary ta ba ni."

"Iyayi," ta ce, ta wuce gaba.

An daɗe kafin a kira ni. Sai da Baba ya dawo masallaci ya gaisa da su daga bakin ƙofa, aka yi ta tambayar damina da mutan gida. Sannan Goggo ta ce in shigo da abinci. Na ja gyale har goshi, na shiga, na durƙusa nesa da tabarma.

Inna Hassana ƙaramar mace ce, fara, hannunta duk jijiya, da carbi mai 'ya'yan dabino. Idon ɗanta ne da ita sak. Ta amsa gaisuwata da murya mai taushi, ta ce, "Taso kusa mana, 'yata, ba cizo muke ba." Zuciyata ta ɗan sauka.

Goggo ta buɗe tuwo, ta buɗe miya. Iya Gambo ce ta miƙa hannu ta buɗe langa ta uku.

Wallahi da na rufe shi kore ne. Yanzu saman ya yi duhu, baƙi-baƙi, kamar lallen da ya kwana.

"Yaya," in ji Iya Gambo, ba ta ɗaga murya ba, "kada ki sa hannu a wannan."

Goggo ta ce, "Lafiya?"

"Ita za ki tambaya. A bayan rumbu na same ta, tana dakan ganye ɗanye. Da takarda a gwiwa, tana karantawa tana tofawa a turmi. Tana ƙirga abin da take jefawa. Ta ciro wani abu daga ƙullin zani ta kankara. Kuma da kunnena na ji abin da ta faɗa." Ta juya ga yayarta. "Ta ce in Inna ta ci ba za ta sake duban wata ba sai ita."

Carbin Inna ya tsaya.

"Da na gan shi kore ne shar," Iya Gambo ta ƙara. "Ku duba yanzu. Wace miya ce ke sauya launi ita kaɗai?"

Goggo ta juyo gare ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba fushi ba ne, tsoro ne. "Safiya. Wa ya ba ki takarda?"

Ku da kuke karantawa za ku ce ai sai in fito da ita. Takardar na nan a ƙirjina, tana sukata. Amma a gidanmu ba mai karanta boko sai ni. Sai dai a kira wani daga waje ya karanta, a gaban Baba, a gaban uwar da ta haife shi: hasken idona, ina kwana ina tashi da ke. Kuma Baba zai san na yi masa alkawari a zaure na karya.

Inna ce ta yi magana. "Abin bai kai nan ba. 'Yata, in abinci ne, ci mu gani. Loma ɗaya."

Ta turo langar gabana da yatsa.

Tun ina ƙarama Goggo ke faɗa min: mace ba ta tauna a gaban surukarta. Ko ruwa ne sai ta juya baya. Na ga matan yayyen ƙawayena sun haihu biyu uku ba su taɓa kai loma baki a gaban uwar miji ba. Ni ko aure ba a ɗaura ba, ranar farko, ido huɗu. Na ce wa hannuna ya tashi. Ya ƙi. Na ji zufa na bin bayana, 'yan kunnen Goggo sun yi min nauyi. Ina kallon langar kamar rijiya.

"Kunya ce," in ji Goggo da sauri. "Yarinyar nan ko a gabana da ƙyar take ci. Ai kun san ba za ta ci a gabanki ba."

"Kunyar ba ta hana ta daka ba," in ji Iya Gambo.

Inna ta jira. Ta daɗe tana jira, Allah ya sani ta ba ni lokaci. Sannan ta mayar da murfin langar a hankali, ta gyara gyalenta.

"Mun gode da karamci," ta ce. "Za mu sauka gidan ɗan'uwanmu Mamuda a bayan kasuwa. Motarmu gobe da hantsi za ta juya."

Ko tuwon ba su taɓa ba. Zakaran Goggo ya tafi a banza.

Da suka fita Goggo ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi min sauƙi. Zama ta yi a bakin gado ta ce, "Kin san abin da za a ce a Kuyello? Ba ke za a zaga ba. Za a ce wadda ta raine ki ita ta kai ki gidan boka. Kuma maganar ba a Kuyello za ta tsaya ba, motar da ta kai ta ita za ta dawo da ita. Ba shi kaɗai kika rasa ba, Safiya. Babu uwar da za ta sake cin abincin hannunki a garin nan." Ta share ido da bakin zani. "Na ce wa babanki gajiyar hanya ce ta hana su ci. Zuwa gobe ban san me zan ce masa ba."

Da la'asar na leƙa wa Mary ta katanga, na faɗa mata. Ta dafe kai.

"Wannan saurayin naki, kansa ɗaya kuwa? Ya aiko Bahaushiya ta daka ɗanyen ganye ta ba uwar miji? Mu ma Gwari da ake cewa muna cin komai, sai mun tafasa."

"Ki je ki kira shi."

"Sun tafi da maigidansa Kaduna sayen kaya, sai Litinin. Kafin nan Innarsa ta isa gida ta gama magana." Ta dube ni. "Kawo takardar in je in karanta musu."

"Za su ce ke kika kawo, ke kika karanta abin da kika ga dama."

"To ke ki karanta."

"Ba zan iya ba."

"To ki zauna," in ji Mary. "Ki riƙe kunyarki, ita za ta aure ki."

Ban runtsa ba. Da aka kira assalatu na yi salla, na sauka lambu na tsinko sabon alayyafo da raɓa a jikinsa. Na ɗaure turmin yaji da taɓaryarsa a tsumma, da sauran cukun, da gyaɗa, da tafarnuwa, da gishiri, da kwalbar mai. Na ɗauki langar jiya yadda take. Goggo na kallona daga bakin madafa, ba ta tambaye ni ba, ba ta hana ni ba. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Gyara ɗankwalinki."

Daga gidanmu zuwa bayan kasuwa ba nisa, amma sau uku ina tsayawa. Na wuce motar Kuyello ana ɗora mata buhuna, ƙafata ta ce in juya.

Na same su a tsakar gida sun ɗaure kaya, suna shan koko. Matan gidan Mamuda na nan, su uku, da alama sun riga sun ji labari, don da na yi sallama ba wadda ta amsa da ƙarfi. Na durƙusa gaban Inna. Na sauke kaya. Na buɗe langar, saman ya ƙara baƙi.

Ban juya baya ba. Na yi bisimilla, na sa hannu, na kai baki. Ina jin ƙarar taunata a kunnena kamar ana daka a cikin kaina. Wata daga cikin matan ta ce, "A gaban surukar?" Na haɗiye. Na ƙara ta biyu. Na ƙara ta uku, hawaye na zuba cikin langar.

"Mai magani ai maganinsa ba ya kama shi," in ji Iya Gambo, amma muryarta ba ta kai ta jiya ba.

Sai na ciro takardar. Na ɗora yatsa a layin farko.

"Sa-fi-ya-tu," na fara, "has-ken i-do-na."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Ban ɗaga kai ba. Na bi ta baƙi-baƙi yadda na iya, alayyafo cikin hannu huɗu, tafarnuwa ƙwara uku, kada ganyen ya ga wuta, ki zuba mai a sama ya rufe shi. A nan na tsaya na ce, "Wannan ne na manta, shi ya sa ya yi baƙi." Na ci gaba. Da na zo layin da Iya Gambo ta ji jiya, na karanta shi kamar sauran. Ina kwana ina tashi da ke. Naki har abada. Yatsana ya sauka kan sunan.

"Ya isa," in ji Inna da sauri. Ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta. Ɗan fari ne, ita ma ba ta faɗar sunan. Ni da ita muka zauna, kowa kanta a ƙasa, saboda mutum ɗaya.

Daga tasha aka danna hon.

"Yaya, mota," in ji Iya Gambo.

Inna ba ta motsa ba. "Babanki ya san da takardar nan?"

"Bai sani ba. Ya hana."

"Yau zai sani."

"Na sani, Inna."

Ta daɗe tana dubana ta gefen gyale. Sannan ta nuna turmin da carbinta.

"Abin da ya kwana ba na ci. Kuma ban ga dakansa ba. Daka sabo in gani."

Aka sake danna hon, mai tsawo. Iya Gambo ta ɗauki ƙunshinta ta tsaya, ta ga yayarta ta miƙe ƙafa a kan tabarma, sai ta ajiye.

Na kwance tsumman. Na kafa turmin a tsakiyar gidan mutane, inda kowa ke gani. Na ɓare tafarnuwa uku, na ƙirga su a fili. Na zuba gishiri, na ɗaga taɓarya na daka da ƙarfi, yadda za a ji har waje.